Na'urar kunnen Baba: ta kasuwa, ta asibiti, da rigimar kalmar “ƙara”

Ranar Babbar Sallar bara ce ta sa na daina cewa sai an samu sarari za mu nema wa Baba na'urar kunne. An gama fiɗa, ƙanena ya leƙa zaure ya ce, “Baba, ga masu karɓar fatar rago nan sun zo.” Baba ya miƙe zumbur, ko sandarsa bai nema ba, ya ce, “Satar rago? Na wa aka sace?” Yara suka kwashe da dariya. Shi ma da aka maimaita masa ya dara, amma daga nan har la'asar bai sake tanka wa kowa ba, ya ba ƙofa baya yana jan carbi. Na san wannan shirun. Tun da kunnensa ya fara nauyi haka yake yi in ya ji kunya.

Shekarar Baba 74. Ya yi 26 daga ciki a ɗakin saƙa na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a nan Kaduna, zamanin da injuna ba sa tsayawa dare da rana, wasu na tashi aiki wasu na shiga. Ya sha ba mu labari cewa a ɗakin nan ko bakinka na kan kunnen mutum sai ka yi ihu, har ma'aikata suka koyi karanta leɓen juna. Ɗan ƙullin auduga a kunne shi ne duk kariyarsu. Masaƙun sun rufe tuni, amma sai da suka tafi da rabin jinsa.

Na'ura biyu muka saya masa cikin wata huɗu. Ta farko ba ta da dogon labari.

A wani shagon wayoyi da caja na same ta a kasuwa, cikin ɗan kwali mai hoton tsohon Bature yana murmushi. Mai shagon ya ce, “Hajiya, wannan ko kurma aka sa wa sai ya ji tafiyar kiyashi.” Kuɗinta bai wuce na turmin atamfa mai kyau ba. Ana yi mata caji kamar waya, tana da robobin kunne guda uku, da wata 'yar tayar murzawa mai lamba 1 zuwa 4. A lamba 1 da 2 Baba ya ce ba ya jin komai sai “shuuu” kamar ana tankaɗe. A 3 magana takan shigo, amma tare take shigowa da fanka, da kajin maƙwabta, da takun silifa, kowanne da ƙarfinsa ɗaya. A 4 sai ta kama kuka kamar gyare, har na gefe yana ji. Kwana uku ya daure. Rana ta huɗu wata jikarsa ta yar da murfin tukunya a siminti, sai gani na yi ya fizge abin daga kunne ya dafe kai. Da ya dawo hayyacinsa ya miƙo mini ita ya ce, “Uwata, wannan ba magani ba ne, horo ne.” Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Tana nan cikin durowa har yau. Ban mayar ba, don ba lalacewa ta yi ba, aikinta ke nan: lasifika ce ƙarama, abin da ta sani kawai a daɗa ko a rage.

Abin da ya ɗaure mini kai a lokacin shi ne, mutumin da sai an maimaita masa magana sau uku, shi ne kuma in ka ɗaga murya kaɗan zai ce, “Ihun me kake yi mini, kurma ne ni?” Mun ɗauka rigimar tsufa ce. Ashe ba ita ba ce.

A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, ta gwamnatin tarayya, wanda ke nesa da masu zaman kansu ko aljihunsa bai da nauyi yana iya fara tuntuɓar can. Mu wata cibiyar gwajin ji mai zaman kanta muka je, don kusa take da gida. Mai gwajin wata Bayarabiya ce, ba ta wuce sa'ata ba, Hausar Kaduna a bakinta, irin ta wanda ya koya a layi da kasuwa. Ta rusuna ta gaishe da Baba kafin ta taɓa komai, nan take ta saye shi. Ta fara leƙa kunnuwan da 'yar fitila ta tabbatar ba dauɗa ce ta toshe ba, sannan ta sa shi cikin wani ɗan ɗaki mai kaurin bango da taga ta gilashi, ta ɗora masa abin sauraro a ka, ta ce duk lokacin da ya ji ɗan sauti ya ɗaga hannu.

Takardar da ta fito daga gwajin ita ce ta fara wayar mini da kai. Daga hagu zuwa dama an jera sautuka daga masu kauri zuwa sirara, daga 250 har 8000. Jan da'ira na kunnen dama ne, shuɗin gicciye na hagu. Layin Baba ya taho a miƙe ta wajen sautuka masu kauri, sai ya gangara kamar an tura shi rijiya, ya fi zurfi wajen 4000. Ta ɗora biro a wurin ta ce ko ba a gaya mata ba, wannan ramin ya nuna mai shi ya daɗe cikin injuna. A can cikin kunne akwai wani ɗan abu murɗaɗɗe kamar katantanwa, cike da 'yan gashi-gashi masu karɓar sauti. Ƙara mai yawa tana kashe su, na siraran sautuka ne ke fara tafiya, kuma in sun mutu ba sa sake tsirowa. Wasula irin su a da o masu kauri ne, suna da ƙarfi, Baba yana jin su. Amma f da s da sh da ts sirara ne, marasa ƙarfi, a cikin ramin nan suke faɗawa. To fata da sata wasulansu ɗaya, karin sautinsu ɗaya, harafin farko kaɗai ya raba su. Ashe Baba bai yi kuskure ba ranar Salla, “atar rago” ya ji, ya cike gurbin da abin da ya fi tsoro. Shi ya sa yake cewa, “Ina ji, amma ba na ji,” kuma duk Bahaushe ya san ji biyun nan ba ɗaya ba ne.

Ta kuma warware mini zancen ihu. Kunnen da ya lalace ta wannan hanya, tazarar da ke tsakanin “ban ji ba” da “ya yi yawa” takan ƙuntata. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, sunan da aka samo daga Alexander Graham Bell. Raɗa wajen 30 ce, hira ta yau da kullum wajen 60. Ma'aunin ba kamar mudu ba ne: in aka daɗa 10, kunne yakan ji kamar an ninka sautin biyu. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka fi bi ita ce 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 sai a raba lokacin biyu, in ya kai 100 minti 15 ne kawai. Tsofaffin injunan saƙa sukan kai wajen 100 ɗin, Baba kuwa awa takwas yake yi. Mai lafiyar kunne yana da fili mai faɗi daga raɗa zuwa tsawa. Shi Baba filinsa ɗan siriri ne kamar lungu, sauti bai gama shigowa ba ya riga ya buge bango. Aikin na'ura ta gaskiya shi ne ta ɗaga ƙananan sautuka sosai, ta ɗaga matsakaita kaɗan, manya kuwa ta danne su, kuma ta yi haka a inda ramin yake, ba ko'ina ba. Don ta saita haka sai ta san inda bangon Baba yake. A nan aka yi ta.

Ta ba ni wata takarda mai matakai bakwai da Turanci, daga sauti mafi ƙanƙanta har wanda ba a iya jurewa, ta ce in fassara wa Baba, in ya ji sauti ya faɗi matakin da yake. Ni malamar Hausa ce a makarantar sakandare, na karɓa da gadara. Ban kai mataki na biyu ba na fara in-ina. Turanci yana da kalma guda, loud, wadda babban aikinta shi ne faɗin ƙarfin sauti, kuma ba yabo ba ce ba zagi ba. Mu ba mu da irinta. Aro muke yi daga wasu wurare, kuma kowace kalma da muka aro takan taho da kayanta. Na ce “da ƙarfi”, Baba ya ɗauka abin kirki ne, don ƙarfi ai ba a ƙin sa, duk sautin da ya ji sosai sai ya ce, “Madalla, da ƙarfi.” Na ce “mai ƙara amma ba laifi”, ya kalle ni ta gilashi ya ce, “Abin da ya zama ƙara ai ya riga ya zama laifi.” Gaskiyarsa, wanda aka cuta ma ƙara yake kaiwa wajen alƙali. Na ce “kamar an ɗaga murya”, ya ce wa zai ɗaga wa wa murya a nan, don a wurinsa ɗaga murya rashin kunya ne, ba awo ba. Na ƙasa kuwa na ce “a hankali”, sai ya tambaye ni, a hankali wane iri, sannu-sannu ko ƙasa-ƙasa?

Wannan tambayar ta kunyata ni, don ta tona wani abu da na shekara ina yi. Duk sanda Baba ya ce mini, “Uwata, yi magana a hankali,” rage murya nake yi, shi kuma ya ƙara ɓata rai. Ashe cewa yake in daina sauri, in raba kalmomin, ya samu ya cike guraben da suka ɓace masa.

Sai kuma babbar. Ana cikin gwajin tana daɗa sautin mataki-mataki, sai Baba ya yamutsa fuska ya ce, “Ƙara!” Ita kuwa ta ji kalmar da ta sani ta wajen mai awo da mai shayi, ta daɗa masa wani matakin. Ya sake cewa, “Ƙara, ƙara!” Hannunta na kan madanni na riƙe ta, shi kuma ya riga ya tuɓe abin daga kansa. A rubutun boko kalma ɗaya ce, karin sauti ne ya raba ƙara ta hayaniya da ƙara ta a daɗa, kuma ta bayan gilashi da ƙofa mai kauri har ni sai da na dubi fuskarsa na gane. Ta shiga ɗakin da kanta ta durƙusa ta ce, “Baba, yi haƙuri, laifina ne.” Ya ce, “Ba komai 'yata, Hausa ce ta yi mana wayo. Daga yau ki ce a daɗa ko a rage, ki bar ƙara ta zama ta ciwo.” Tana dariya ta ce su a Yarbanci sama suke kai magana, in ana so mutum ya buɗe murya sai a ce sọ̀rọ̀ sókè, wanda duk Najeriya ta haddace a zanga-zangar 2020.

Da na koma gida na ciro takardar da ke cikin kwalin na'urar kasuwa, mai harshe uku. Larabcin cewa ya yi sauti murtafi'i da munkhafili, wato maɗaukaki da na ƙasa, su ma da tsayi suke aunawa kamar ɗaga muryarmu. Faransancin na kai wa mijin ƙanwata, mutumin Maraɗi. Ya ce su ma ba su da kalmar Ingilishin nan, fort suke cewa, ƙarfi ke nan sak irin namu, kuma doucement ɗinsu ita ce a hankalinmu da duk rikicinta: direba ya rage gudu, yaro ya rage murya, mai ɗauke da ƙwai ya bi sannu, duk ita ce. Na Italiya ma piano haka take, sannu ce kuma ƙasa-ƙasa ce, daga piano da forte, wato da ƙarfi, aka sa wa abin kiɗan nan fiyano suna don yana iya yin duka biyun. Sai na ji sanyi a raina, ashe ba Hausa ce matalauciya ba. Mu a wajen rarrabe irin ƙarar ma muka fi yawa: amo daban, ƙugi daban, rugugi, kururuwa, kwakwazo, hargowa, hayaniya, gunaguni, ƙus-ƙus. Kowacce tana gaya maka wa ya yi, da wace niyya. Tsani mai hawa-hawa ne dai ba mu jera ba.

Baba ne ya jera shi da kansa a zuwanmu na biyu, kuma daga karatun zaure ya ɗauko. Ya ce ai malamai sun daɗe da auna murya. A Risala, karatun asirce shi ne motsa harshe, na bayyane kuwa shi ne mutum ya jiyar da kansa da wanda ke kusa da shi. Sai ya ɗora a kai: na farko motsa harshe, na biyu jiyar da kai, na uku jiyar da na kusa, na huɗu liman a sallar Magariba ba lasifika, na biyar ladan a kan katanga, na shida ladan da lasifika kana gindinta, na bakwai ɗakin saƙa. Da ta tambaye shi wanne ne daidai, sai ya jawo mata aya ta 110 a Suratul Isra'i, inda aka ce kada a bayyana ƙwarai kada kuma a ɓoye ƙwarai, a nemi hanya tsakanin haka, ya ce tsakanin na uku da na huɗu. Ta rubuta duka bakwai ɗin a bayan katinsa. Cikin minti ashirin aka gama abin da ya gagare mu a zuwan farko. Wannan shi ne abin da na fi yaba wa wurin: ta yarda ta ajiye takardarta ta ɗauki ta tsoho.

Na'urar kanta irin mai rataya a bayan kunne ce, da ɗan bututu zuwa robar da aka yi daidai da kunnensa. Wani abu mai laushi kamar danƙo ta cusa, ya daskare, ta ciro siffar. Ta haɗa na'urar da kwamfuta ta saita, kuma ba ta ba shi cikakken ƙarfin a ranar farko ba, sai da aka yi zuwa uku ana daɗawa kaɗan-kaɗan. Makon farko mita ya yi ta yi. Muryarsa ta zame masa kamar daga cikin randa, ga ƙarar taunarsa. “Ashe haka nake tauna goro kuka yi shiru?” A mako na uku ya daina ambatonta. Yanzu hirar mutum biyu ko uku a zaure yana binta ba maimaici. Labaran rediyo da a da sai maƙwabta sun ji tare da mu, yanzu a tsakar gida ma da kyar ake ji. An sake yar da murfin tukunya, ya waiga kawai ya yi tsaki. A taron biki ko ɗaurin aure kuwa har yanzu yakan ɓace, kuma ta gaya mana haka tun farko, ba ta yi mana alkawarin kiyashi ba. A masallacin da lasifika ke dukan tayil akwai ɗan maɓalli da yake dannawa ya rage amsa-kuwwa, yana taimakawa, ba sosai ba. Cikin Keke Napep iska takan yi masa “fuuu” sai ya kare da hula.

Ƙorafina ba kaɗan ba ne. Kuɗin na kunne ɗaya ya haura albashina na wata uku, shi ya sa muka tsaya a na dama alhali biyu ta ce ya kamata. Robar farko da suka yi ba ta zauna daidai ba, tana fito in ya yi hamma, sai da muka jira mako uku aka kawo wata, ko da yake ba su karɓi ƙarin kuɗi ba. Ranar gwajin farko an ɗauke wuta, suka tayar da janareta a bayan bangon ɗakin da ake cewa ba sauti ke shiga ba, ƙuginsa yana ratsowa. Ta dakatar da gwajin har aka dawo da wuta, na yaba mata, amma wanda ya gina wurin gwajin ji ya jingina masa janareta sai a tambaye shi dalili. Batirin lamba 13 ne, mai 'yar takarda ruwan goro, da iska yake aiki, da zarar ka ɓare takardar ya fara ci ko ka sa ko ba ka sa ba. Kwana goma yake yi mana, kuma a unguwarmu ba mai sayarwa sai an koma wajensu.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba wanda ya yi mana zancen alwala. An ce kada ruwa ya taɓa ta, an yi maganar wanka da ruwan sama, amma mutumin da zai shafi kunne sau biyar a rana ba a ce masa komai ba. Sai ya riƙa cirewa yana jefawa a aljihun riga, har ranar da Mama ta tsamo ta daga bakin bahon wanki saura ƙiris. Yanzu wata 'yar batta muka ba shi, tana rataye da carbinsa. Da damina kuma sai an kwana da ita cikin gwangwanin busarwa saboda gumi da laima, da hunturu a goge ƙura daga bututun kullum, in ba haka ba sauti ya dushe ka ɗauka batir ne.

Wanda ya tambaye ni, ta kasuwa kada ya saya wa tsoho, ko kyauta aka ba shi. Ta asibitin ta ci kuɗinta, da sharaɗin za a koma a saita sau biyu ko uku, kuma a je da wanda ya san bakin mai kunnen, ba wanda ya iya Turanci kawai ba. Kafin ku je ku zauna a gida ku jera naku tsanin da abin da ya sani, in mahauci ne ko direba ko mai niƙa, kowa da ɗakin saƙarsa.

Na shiga adashi don kunnen hagu, ɗaukata sai watan Rajab. Da na gaya wa Baba ya ce kada in takura kaina, hagun ba ta gaggawa ba ce, don ta wannan gefen Mama take zama in za ta yi masa lissafin cefane.